Shafen Gilashi a Kan Yumɓu: Abin da Ya Kamata a Auna Kafin a Hura Tanderu



Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ya tsaya a Tambuwal ran kasuwa, ko kuwa ya ratse ya nufi Kebbe da ƙauyukan da ke bakin Gulbin Zamfara, ba zai rasa ganin tuluna da randuna da tukwane da kasake an jere su a gefe guda ba. A wani gefen kuma ga masu kayan koli sun baza farantai da kofuna na tangaran, irin waɗanda iyayenmu suka raɗa wa suna faɗi-ka-mutu, suna ta ƙyalli a rana. Na farkon daga yumɓun ƙasarmu aka gina su, na biyun kuwa yawancinsu sai da suka ƙetaro teku. To, da ɗan boko ya dubi waɗannan kaya biyu, tunanin da ke fara zo masa shi ne: me zai hana a shafa wa namu wannan ƙyallin su ma su yi daraja? Daga nan sai a rubuta takarda, a nemi kuɗin sayo tanderu da buhunan garin shafe daga waje, a ce za a inganta sana'ar magina.

Niyyar tana da kyau, ba mu musa ba. Abin da muka zo faɗa yau shi ne, wannan ƙyalli ba fenti ba ne da za a shafa wa kowace tukunya. Gilashi ne, kuma gilashi da yumɓu kowanne yana da nasa hali a gaban zafi. Idan halin bai zo ɗaya ba, to, kuɗin gwamnati da itacen magina da wahalarsu duk sun tafi a banza, wani lokaci ma har da lafiyar masu cin abinci a cikin kwanon.

Bari mu fara da shi shafen. Gari ne ake damawa da ruwa, a tsoma tukunya a ciki ko a kwarara mata, sa'an nan a sa ta a tanderu. In wuta ta kai, sai garin ya narke ya malale a jikin tukunyar, in ta huce ya daskare ya zama fatar gilashi wadda sau da yawa kaurinta bai kai rabin milimita ba. Abu uku ne ginshiƙinsa. Akwai silika, watau sinadarin farin yashi da dutsen ƙanƙara, ita ce ainihin gilashin, amma ita kaɗai ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 1700 a ma'aunin Salshiyas. Saboda haka dole a haɗa ta da abin da zai sauko da ita ta narke da wuri, kamar sinadarin kanwa, ko na toka, ko farar ƙasa, ko boron, ko dalma. Na ukun shi ne alumina, wadda ake samu a cikin shi kansa yumɓu, aikinta ta ba narkakken gilashin kauri don kada ya tsiyaye ya taru a gindin tanderu.

Sai batun zafi. Kowa a nan ya taɓa jin kwanon rufi yana ƙas-ƙas da tsakar rana a watan Afrilu, ya kuma sake jin sa da almuru in gari ya fara sanyi. Kowa ya ga wayar lantarki ta yi lanƙwasa da bazara ta miƙe da hunturu. Dalili ɗaya ne: abu in ya ɗauki zafi yana faɗaɗa, in ya huce yana tsukewa. Sai dai kowane abu da gwargwadonsa. Masana suna auna wannan da kashi cikin miliyan na tsawon abu a kan kowane digiri ɗaya. Ƙarfe yana faɗaɗa wajen kashi 12, alminiyam wajen 23, gilashin kwalba da na taga wajen 9. Gilashin da aka haɗa da boron, irin wanda Otto Schott ya ƙago a garin Jena na Jamus a ƙarshen ƙarni na 19, kuma kamfanin Corning na Amurka ya fitar da irinsa da sunan Pyrex a 1915, bai wuce kashi 3.3 ba, shi ya sa ake dafa magunguna a cikinsa a ɗakin gwaji ba ya fashewa. Zallar silika da aka narkar ta zama gilashi kuwa, wajen rabin kashi ɗaya kawai take motsawa. Gasasshen yumɓu irin na tangaran yakan faɗa tsakanin 5 da 7, ya danganta da ƙasar da aka haƙo shi da irin wutar da ya sha.

Waɗannan lambobi ƙanana ne ƙwarai, har mutum ya ce ina abin damuwa? To, mu yi lissafi tare. A ɗauki faranti mai faɗin santimita 30. Muddin tanderu na da zafi sosai, gilashin da ke kansa yana da taushi kamar danƙo, duk yadda yumɓun ya motsa sai ya bi shi. Amma in zafi ya sauko zuwa wajen digiri 600 ko ƙasa da haka kaɗan, sai gilashin ya sandare ya manne. Daga nan har zuwa zafin ɗaki, a ce saukar digiri 550 ke nan, dole su tsuke tare, ko suna so ko ba sa so. Idan yumɓun na kashi 6 ne, zai tsuke da kusan milimita 1. Idan gilashin na kashi 8 ne, shi so yake ya tsuke da milimita 1 da sulusi. Bambancin duka sulusin milimita ne, kaurin 'yan takardu uku ko huɗu. Amma gilashin ba shi da damar tsukewa yadda yake so, domin yumɓun ya fi shi kauri nesa ba kusa ba, ya riƙe shi ta ko'ina. Sai ya zama a ɗame kamar fatar ganga da aka ja ta wuce kima. Gilashi kuwa ba ya jure ja. Sai ya tsage, ya sake tsagewa, har fuskar farantin ta cika da zane kamar saƙar gizo-gizo. Mai tanderu yakan ji wannan da kunnensa: ya fito da kaya suna sheƙi, ya jera su, can sai ya ji suna ƙil, ƙil, ɗaya bayan ɗaya, har tsakar dare.

Wannan shi ne aibi na farko, tsattsagewa. Akwai kuma kishiyarsa. Idan yumɓun ne ya fi gilashin tsukewa da yawa, sai ya matse fatar gilashin har ta rasa wurin zama, ta riƙa ɓamɓarewa a leɓen kofi da gefen faranti da kan mariƙi, tana zubar da 'yan ɓarɓashi masu kaifi kamar reza. Wannan ya fi na farko haɗari, don ɓarɓashin na iya faɗawa cikin abinci. In kuwa ciki kaɗai aka shafe, matsin na iya raba kwanon biyu yana ajiye ba wanda ya taɓa shi.

Abin da ake nema yana tsakanin biyun, amma ba daidai tsakiya ba. Gilashi yana jure matsi fiye da ja, ninki goma ko fiye. Don haka gwanaye sukan shirya shafe ya zama faɗaɗarsa ta gaza ta yumɓu kaɗan, yadda in an huce zai zauna cikin ɗan matsi. Irin wannan shafe har ƙarfi yake ƙara wa kaya. Ku ɗaga kai ku dubi tangaran ɗin da ke riƙe da wayoyi a kan turakun lantarki: shekara da shekaru suna shan rana da ruwa da nauyin waya, kuma wani ɓangare na ƙarfinsu daga wannan matsin yake.

Wanda ya fara tsara waɗannan ƙa'idoji a rubuce shi ne Hermann Seger, wani masani Bajamushe da ya rasu a 1893, wanda kuma ya ƙago 'yan ƙahonin nan da ake sawa a tanderu su lanƙwashe in wuta ta kai. A 1894 Winkelmann da Schott suka fitar da lambobin da ake lissafa faɗaɗar gilashi da su daga abubuwan da aka haɗa shi. Abin da ya fito fili daga aikinsu, kuma har yau ba a rushe shi ba, shi ne sinadarin kanwa da na toka, watau soda da fotash, su ne suka fi kowane sa gilashi faɗaɗa. Farar ƙasa tana tsaka-tsaki. Silika da boron da magnesiya kuwa rage ta suke yi.

A nan akwai wani abin mamaki da ya cancanci mu dakata a kansa, domin shi ne ke rikita sababbin shiga. Idan shafe yana tsattsagewa, magani shi ne a ƙara masa silika. Wani maganin kuma shi ne a ƙara silika a cikin yumɓun. Mutum zai ce, yaya abu ɗaya zai yi magani ta gefe biyu masu gaba da juna? Amsa ita ce silika tana da fuska biyu. In ta narke ta shiga gilashi, kusan ba ta motsi da zafi, don haka tana rage faɗaɗar shafe. In kuwa tana nan a matsayin ƙwayar yashi ba ta narke ba, kamar yadda take zama a jikin yumɓu, to faɗaɗarta babba ce. Bugu da ƙari, a daidai digiri 573 ƙwayar takan sauya tsarinta farat ɗaya, ta kumbura da kusan kashi 1 cikin 100 in ana hawa, ta koma in ana sauka. Saboda haka yumɓu mai yashi da yawa yakan tsuke sosai wajen hucewa, ya matse shafen da ke kansa. Wannan digiri 573 shi ne kuma dalilin da ya sa ba a gaggauta wuta ko buɗe tanderu a wannan mataki, in ba haka ba manyan kaya su dare.

Akwai wata fuskar ta uku. In aka daɗe ana gasa yumɓu mai yawan silika a wuta mai tsanani, sama da digiri 1100, alhali ba shi da isasshen abin narkarwa a jikinsa, sai wani ɓangare na silikar ya rikiɗe ya zama abin da ake kira kiristobalait. Shi kuma nasa sauyin yana zuwa ne a ƙasa ƙwarai, tsakanin digiri 200 da 270, kuma ya fi na 573 tsanani. Kaɗan daga cikinsa yana da amfani, yana hana tsattsagewa. In ya yi yawa, kaya su farfashe a tanderu bayan mai su ya ɗauka an gama, ko kuma su fashe daga baya a tandar gashin burodi, domin zafinta ya kai wannan mataki.

Yanzu mu komo gida. Sau da yawa mukan ji ana magana kamar rashin shafe a tukwanenmu alamar ci-baya ce. Wannan magana ba ta da tushe. Mutanen wannan yanki na duniya sun san gilashi tun da daɗewa. A Ile-Ife, a wurin da ake kira Igbo Olokun, masu tonon tarihi sun samo shaidar cewa ana narka gilashi daga kayan gida tsakanin ƙarni na 11 da na 15, kuma a cikin kaskon yumɓu ake narka shi. A Bida, Masaga sun shahara da yin gilashi daga yashi da kanwa, suna ƙera duwatsun wuya da awarwaro waɗanda fatake suka kai kasuwannin ƙasar Hausa. Ga gilashi ga yumɓu a ƙasa ɗaya. Abin da ya sa ba a haɗa su ba, a ganinmu, shi ne aikin da ake so tukunya ta yi bai bukaci haɗin ba, hasali ma haɗin ɓata aikin zai yi.

Ku dubi randa. Amfaninta shi ne ta sanyaya ruwa, kuma tana yin haka ne don jikinta na da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa waje, iska ta busar da shi, bushewar ta janye zafi daga na ciki. A ƙasa irin ta Sakkwato, inda zafin bazara kan haura digiri 40 kuma iska a bushe take, wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Ranar da aka shafe randa da gilashi, ranar ta daina sanyaya ruwa. A kan wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyafo, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Bai ƙara wa tukunya komai ba, halinta na asali ya yi amfani da shi.

Tukunyar girki kuma ta fi ban sha'awa. Magini yakan haɗa yumɓu da dakakken tsingaro ko yashi ko ƙaiƙayi, ya gina ta da gindi zagayayye, kaurin jikinta ɗaya, ya toya ta a fili da kara da itace da kashin shanu, a wutar da yawanci ke tsakanin digiri 600 da 900, cikin ɗan lokaci. Abin da ke fitowa jikinsa sako-sako ne. In aka ɗora shi a murhu, gindi ya yi zafi baki bai yi ba, to akwai wurin da faɗaɗar za ta shige, kuma in 'yar tsaga ta taso sai ta ci karo da ƙwayar tsingaro ko wani ɗan rami ta tsaya. Ɗauki kwanon tangaran mai tsada ka ɗora a kan duwatsun murhu uku, ka hura masa kara, ka ga abin da zai faru. Shi jikinsa a cure yake kamar gilashi, tsaga in ta fara ba abin da zai tare ta. Maginan da suke goge tukunya da jar ƙasa da 'ya'yan kuka har ta yi santsi, ko su yayyafa mata ruwan makuba tana da zafi don ta rage yoyo, sun sami irin ƙyallin da ba ya hana tukunya numfashi.

Mun ga an gwada wannan haɗi a ƙasar nan, kuma ya kamata kowane ma'aikaci ya san labarin. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani Bature magini, Michael Cardew, ta ba shi aikin jami'in tukwane. Ya zaga Arewa yana duba yumɓu da magina, ya kuma yaba da abin da ya gani ƙwarai, har ya nuna cewa tukwanen gargajiya ba sa bukatar gyaransa. Wurin da ya zaɓa ya kafa makarantar koyon sabon gini shi ne tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, inda aka soma aiki a 1951 da goyon bayan Sarki Sulaimanu Barau. Ya zaɓe ta ne don akwai itace da ruwa da yumɓu iri-iri da duwatsun da ake niƙawa a yi shafe. A can ake gasa kaya da itace a wutar da ta haura digiri 1200. A 1954 Ladi Kwali ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko. Ta ci gaba da gina tulunanta da hannu irin na Gwari, da zanen kada da kunama da ƙadangare, amma da sabon yumɓu, a shafe su a gasa a babbar wuta. An nuna su a Landan a 1958 da 1959 da 1962, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, kuma hotonta ne a bayan takardar Naira 20.

Wannan abin alfahari ne. Amma mu lura da abin da ya sami tulun. Ya yi nauyi, ya daina sanyaya ruwa, kuɗinsa ya fi ƙarfin matar ƙauye. Ya tashi daga kayan aiki ya koma kayan ado na gidajen masu hali da gidajen tarihi. Cardew ya bar Abuja a 1965, ya kuma tattara abin da ya koya a littafinsa Pioneer Pottery na 1969, wanda babban ɓangarensa bayani ne a kan duwatsu da yumɓu da yadda ake sa shafe ya zauna lafiya a jikin kaya. Mutumin da ya shekara goma sha biyar a wannan aiki, abin da ya fi cin ransa ke nan.

To, ina Tambuwal da Kebbe a cikin wannan? Ba muna cewa kada a yi tangaran a ƙasarmu ba ne. Ana bukatar farantai da kofuna da tayil da kayan ban-ɗaki da na turakun lantarki, kuma kuɗin da ke fita waje dominsu ba kaɗan ba ne. Abin da muke cewa shi ne sana'a ce dabam, da yumɓunta dabam da wutarta dabam, kuma tana farawa ne daga sanin ƙasa. Yawancin ƙasar Sakkwato shimfiɗaɗɗen kwari ne na yashi da laka da farar ƙasa waɗanda ruwa ya tara tun zamanin da teku ya rufe wurin. Farar ƙasa muna da ita, ga ta nan a Kalambaina ana yin siminti da ita tun shekarun 1960. Tokar itace da ta kara tana ba da farar ƙasa da fotash. Buntun shinkafa, wanda ake tarawa tsibi-tsibi a bayan injinan casa a duk ƙasashen fadama, in aka ƙone shi tokarsa kusan kashi 90 cikin 100 silika ce, mai laushi, ba ta bukatar niƙa mai wuya. Maginan Japan sun daɗe suna yin farin shafe da ita. Farin yumɓu akwai shi a Ƙanƙara ta Jihar Katsina. Felsfa kuwa, wanda shi ne ƙashin bayan shafen babbar wuta, a ƙasar duwatsu ake samunsa, irin ta Zamfara wajen Kwatarkwashi, don haka sai an yi lissafin mota. Sai kuma babbar tambaya, wuta. Abuja ta Cardew daji gare ta. Mu kuwa nan, da hamada ke matsowa, wanda ya ce zai kai tanderu digiri 1250 da itace, sai ya faɗa mana inda zai saro shi. In gas ne ko lantarki, a rubuta kuɗinsa tun farko.

Saboda tsadar wuta, dole zuciya za ta raya wa mutum ya tsaya a ƙaramar wuta, wajen digiri 1000, ya shafe jan yumɓun da aka saba da shi. A nan ne matsaloli suka taru. Kanwa tana narkar da yashi da wuri, kuma tana da araha, amma mun riga mun ji ita ce kan gaba wajen sa gilashi faɗaɗa, ga shi kuma tana narkewa a ruwa, sai an fara dafa ta da yashi ta zama gilashi an niƙa kafin a yi shafe da ita. Boron yana gyara wannan, amma daga waje ake sayo shi, Turkiyya ce ta fi kowa arzikinsa. Sa'an nan ko da kaya sun fito lafiya, akwai wata tsattsagewa mai zuwa a makare. Yumɓun da bai gasu ya cure ba yana shan laima daga iska a hankali, yana ɗan kumbura, gilashin kansa kuwa ba ya kumbura. Matsin da aka bar shi a ciki sai ya riƙa raguwa har ya juye ya zama ja. Tun 1928 wani masani a Amurka mai suna Schurecht ya bayyana wannan. Ma'anarsa a wurinmu ita ce, farantin da aka gasa da rani aka kai wa mai girma kwamishina ya yaba, yana iya cika da tsaga bayan damina ɗaya ko biyu, lokacin da an riga an biya ɗan kwangila. Tsagar kuwa ba muni kaɗai ba ce. Miya da mai suna shiga ta cikinta su zauna a jikin yumɓun inda sabulu ba ya kaiwa. Gaskiya ne a ƙasar Sin, zamanin daular Song, an yi kayan da ake tsattsaga shafensu da gangan don ado, har ana shafa musu baƙi zanen ya fito, amma waɗannan jikinsu a gase yake sosai, kuma ba kwanon tuwon yara ba ne.

Akwai abu guda da ke warware duk waɗannan matsaloli cikin sauƙi, kuma shi ne muke roƙon ku da ku guje shi: dalma. Shafen dalma yana narkewa a ƙaramar wuta, yana sheƙi, yana zama lafiya a jikin jan yumɓu, kuma ana iya samun dalmar daga mataccen batirin mota a kowane gari. A ƙasashe irin su Meziko an daɗe ana fama da gubar da ke fitowa daga irin waɗannan kwanuka. Abu mai tsami shi ke jawo ta daga gilashin, mu kuwa abincinmu cike yake da tsami: kunun tsamiya, fura da nono, zoɓo, lemun tsami. Mai haɗa garin yana shaƙar ƙurarsa, 'ya'yansa suna wasa a inda ya zube. Ba sai mun je nesa neman misalin abin da dalma ke yi ba. A 2010 aka gano gubarta a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, maƙwabtanmu na gabas, inda yara fiye da 400 suka rasu. Can daga dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta fito, ba daga tukwane ba, amma gubar ɗaya ce, kuma yaron da ya tsira ma takan taɓa masa ƙwaƙwalwa har iyakar rayuwarsa. Duk takardar da ta zo teburinku tana maganar garin shafe, ku nemi a rubuta abin da ke cikinsa, a kuma gwada.

Gwajin dacewar shafe da yumɓu ba duka ne ke bukatar manyan na'urori ba. Na'urar da ke auna faɗaɗa kai tsaye, wadda ake sa ɗan sandan gasasshen yumɓu a ciki ana ƙara zafi tana rubuta tsawonsa, aikin ɗakin gwaji ne, kuma a nan ne ya kamata a nemi jami'o'inmu, kamar Sashen Zanen Masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda ake koyar da tangaran, da sassan kimiyya na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da kuma Hukumar Binciken Albarkatun Masana'antu da aka kafa a 1987. Amma sauran gwaje-gwajen ɗalibi na iya yin su da sikeli da tukunya. A auna gutsuren gasasshen yumɓu a bushe, a tafasa shi cikin ruwa na wasu sa'o'i, a goge a sake aunawa. In nauyinsa ya ƙaru da kashi 10 cikin 100 ko fiye, to a sa ran tsattsagewar bayan damina. Kayan da suka gasu sosai ba su kan sha fiye da kashi 2 ko 3 ba. A ɗauki kofi a zafafa shi zuwa wajen digiri 150, a tsoma a ruwan sanyi, a maimaita sau da yawa, sa'an nan a shafa masa tawada a goge. In akwai tsaga, tawadar za ta tona ta. A kuma yi siririn sanda na yumɓu a shafe gefe ɗaya kawai a gasa: in ya lanƙwasa ya rungumi gefen shafen, gilashin ne ya fi tsukewa, tsattsagewa na tafe, in ya ɗan gantsare ta ɗaya gefen, shafen na cikin matsi.

Kuma a yi wa kowane rami nasa gwajin. Yumɓun fadamar Kebbe ba lalle ya zama ɗaya da na bayan garin Tambuwal ko na Dogon Daji ba, kai ko a rami guda ma na sama yakan bambanta da na ƙasa wajen yawan yashi, kuma mun ga abin da yashi ke yi a digiri 573. Garin shafen da aka haɗa a Ingila ko Sin an auna shi ne da yumɓun can. Wanda ya fi kowa sanin wane rami ne yumɓunsa ke darewa a wuta, wane ne ke son ƙarin tsingaro, shi ne maginin da ya gaji wurin daga iyayensa, don haka ɗalibin da zai je ɗibar samfuri ya fara da gaishe shi, ya zauna ya tambaya, ya rubuta sunan ramin da zurfin da aka haƙo a jikin kowane ƙunshi kafin ya kai ɗakin gwaji.

Shugaba, a nan za mu dakata don a sami lokacin tambayoyi.